Yaushe maraya zai karɓi dukiyarsa: in ya balaga, in ya kai 18, ko sai 21?

Kawun Maraya, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana shari'a, na boko da na addini, a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sakat. Mijin ƙanwata ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar 'ya'ya biyu, namiji da mace, ya kuma bar shagon atamfa a Kantin Kwari da gidan da suke zaune a ciki. Da yake iyayensa sun riga shi rasuwa, rabon gadon bai zo da wahala ba: an fitar wa matar da tumuninta, sauran kuma aka ce na yaran ne, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Saboda yaran ba su girma ba a lokacin, dattawan dangi suka damƙa shagon a hannun baffansu, ƙanen marigayin, da sharaɗin ya riƙa juya dukiyar yana ɗaukar nauyin ci da sha da makarantar yaran.

Yanzu yaron ya shiga shekara ta 18, wato ya cika 17 da 'yan watanni, ya kuma gama sakandare. Tun yana ɗan shekara 12 yake bin mahaifinsa kasuwa a ranakun hutu, ya san kaya, ya san masu sari, kuma har yau wasu tsofaffin abokan cinikin mahaifinsa shi suke kira a waya idan za su aiko da kuɗi. Ya nemi baffan nasa ya miƙa masa rabonsa, ko aƙalla ya nuna masa lissafin shekarun nan uku, sai baffan ya ce doka ba ta yarda a ba yaro dukiya ba sai ya kai 21, daga baya kuma ya ce sai ya yi aure.

Yaron ya karanta a intanet cewa a Amurka wanda bai kai 18 ba yana iya zuwa kotu ya nemi a 'yantar da shi daga ikon iyaye ko waliyyi, a ɗauke shi a matsayin babba a gaban doka, yana kuma matsa mini lamba in raka shi kotu ya nemi irin wannan. Tambayata ita ce, shin akwai wannan hanya a Najeriya? Idan babu, wace shekara ce doka ta sani a matsayin shekarar girma, tun da wasu sun ce 18, baffan ya ce 21, malamin unguwarmu kuma ya ce balaga ita ce magana? Ba na son in kai ɗan'uwan mamaci ƙara a kan abin da ban fahimta ba, ba na kuma son dukiyar marayu ta salwanta ina kallo.

Barista Mazaunin Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya abin da ya bari. Zan fara da abin da yaron ya karanta, domin ba ƙarya ya gani ba. A jihohi da dama na Amurka akwai dokar da ta ba yaro damar shigar da buƙata a kotu a cire shi daga ikon iyayensa kafin ya kai shekarun girma. A Kalifoniya, misali, sai yaron ya kai 14, yana zaune dabam da iyayensa da yardarsu ko ba tare da sun hana ba, yana riƙe da harkar kuɗinsa da kansa, kuma abin da yake samu ta halattacciyar hanya yake zuwa, sa'an nan alƙali ya duba ko hakan zai cutar da shi. Idan an amince, yana iya sa hannu a yarjejeniya, ya kama hayar gida, ya kai ƙara da sunansa. Amma ko a can ba ya zama babba a komai, domin ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya kai 18, kuma abin da yara kan manta shi ne, daga ranar nauyin ciyar da shi ya sauka daga wuyan iyayensa.

A Najeriya babu wata doka da ta shimfiɗa irin wannan hanya, wadda yaro zai bi ya fito da takardar da ta ce ya zama babba. Idan kuka je rajistarar kotu da wannan buƙata, babu fom ɗin da za a miƙo muku. Sai dai hakan bai rufe muku ƙofa ba, domin abin da yaron yake nema a haƙiƙa dukiyarsa ce da lissafinta, kuma wannan yana da kotunsa da hanyarsa.

Game da shekaru, dalilin da ya sa kowa yake faɗin nasa shi ne dokokinmu ba su tsaya a kan lamba ɗaya ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, ta bi sahun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da yarjejeniyar Afirka ta 1990. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa 18 ga mai jefa ƙuri'a, lasin tuƙi ma 18 ne, haka kuma dokar kamfanoni ta 2020 ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya zama darakta. A ƙasa da haka, dokar ƙwadago ta yarda ɗan shekara 16 ya sa kansa koyon sana'a a hannun ubangida da yarjejeniyar da ba ta wuce shekara biyar ba. A sama da haka kuma, ko bayan gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018, sai mutum ya kai 25 zai tsaya takarar majalisar jiha ko ta wakilai, 35 kuma ga shugaban ƙasa. Ita dokar 2003 ɗin ma a Abuja take aiki kai tsaye, jihohi sai kowace ta zartar da tata, wasu da gyare-gyare, kuma Kano ba ta samu tata ba sai a 2023, a ƙarshen mulkin Ganduje.

Shekara 21 da baffan ya ambata ba daga iska ya ɗauko ta ba. Ita ce shekarar girma a tsohuwar dokar Ingila da muka gada, kuma Ingila kanta ba ta sauko zuwa 18 ba sai a farkon 1970. Akwai wata tsohuwar shari'a da kowane ɗalibin lauya yake karantawa, ta Labinjoh da Abake a 1924, inda aka ba wata yarinya kayan sayarwa bashi, ta kasa biya, mai kayan ya kai ƙara yana cewa ai ta balaga bisa al'ada. Kotu ta ce a cinikin da dokar Ingila ke hukunta shi 21 ce magana, kuma kayan da aka ba yaro don ya yi kasuwanci ba sa cikin abubuwan larurar rayuwa da za a tilasta masa biya. Wannan tunani yana nan a sashe na 18 na dokar 2003, wanda ya ɓata duk wata yarjejeniyar bashi ko ta kaya da aka ƙulla da yaro, in ban da ta abin larura. An yi haka ne don kare yaro, amma ga mai son riƙe shago kariyar tana da ɗaci, domin babban ɗan kasuwar da ya san doka zai yi ɗari-ɗarin ba shi kaya bashi.

Inda 21 take da ƙarfi har gobe shi ne ƙasa. Sashe na 7 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana gwamna ba wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili, ko amincewa a mayar da ita sunansa, sai dai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa masa. Amma sashen ya san da zaman wanda fili ya faɗo masa ta hanyar gado, ya ce nauyin filin yana kansa kamar babba. Ma'ana, rabonsa a gidan nasa ne tun ranar da mahaifinsa ya cika, takardar ce kawai za ta iya jira. Wannan sashe bai shafi atamfar da ke cikin shago ko kuɗin da ke cikin asusu ba, don haka baffan ba zai fake da shi ya riƙe jari ba.

Mafi muhimmanci, mamacin Musulmi ne, magadan Musulmi ne, saboda haka gadonsa da riƙon marayunsa suna ƙarƙashin shari'ar Musulunci. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya lissafa gado da wasiyya da waliccin yaro da al'amarin mai almubazzaranci da dukiya cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take saurara, wanda ke nuna cewa daga kotunan shari'a na ƙasa ake farawa. Can ne uwar yaran, ko kai a madadinsu, za ku nemi alƙali ya kira baffan ya kawo lissafi. Ina ba da shawarar a nemi takardar haihuwar yaron ta Hukumar Ƙidaya tun yanzu, a haɗa da duk abin da aka rubuta ranar rabon gado da sunayen waɗanda suka halarta. Abin da alƙalin zai duba kuwa, na bar wa malaman fikihu su faɗa, sun fi ni saninsa.

Almajirin Fikihu, Sakkwato

Allah ya saka wa Barista da alheri. Malamin unguwarku ya faɗi rabin magana ne, ya bar rabi. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su har su isa aure, idan kuma suka ga shiriya a tare da su, to, su miƙa musu dukiyarsu. Sharuɗɗa biyu ke nan, balaga da rushdu, wato shiriyar da ayar ta ambata, kuma ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗaya ba. Ayar da ta gabace ta ta hana a ba wawaye dukiya, ko da kuwa gemunsu ya kai ƙirji.

Balaga tana tabbata da alamominta, kamar mafarki ga namiji, haila ko ciki ga mace, da tsirowar gashin mara. Shekaru ba sa shigowa sai idan babu alamar da ta bayyana. A nan malamai suka saɓa: Shafi'i da Ahmad sun ce 15, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu yana da 14, aka kuma karɓe shi ranar Khandaƙ yana da 15. Abu Hanifa ya ce 18 ga namiji, 17 ga mace. Mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne 18, kuma da watannin Musulunci ake ƙirgawa, wanda ya yi daidai da kusan shekara 17 da rabi a lissafin bature. Ga yaron da kuke magana a kansa wannan ba abin jayayya ba ne, domin da wuya a ce ɗan shekara 17 mai kai-komo a kasuwa bai ga alama ba.

Abin da za a yi shari'a a kansa shi ne rushdu. A wurin Malikiyya rushdu shi ne iya tsare dukiya da juya ta yadda masu hankali suke yi, ba a yaudarar mutum a ciniki yaudara mai muni, ba ya kuma watsa kuɗi a abin da ba shi da amfani. Ba a sharɗanta masa ya zama waliyyin Allah ba, Shafi'iyya ne suka haɗa da gyaruwar addini. Aure ba ya cikin sharuɗɗan namiji ko kaɗan, kuma babu inda aka ambaci 21. Hasali ma Abu Hanifa yana ganin idan mutum ya kai 25 a ba shi kayansa ko da bai shiryu ba, sauran malamai suka ce a'a, takunkumin hana shi dukiyarsa yana nan muddin wautar tana nan.

Jarrabawar da ayar ta ambata wajibi ce a kan mai riƙo, kuma a nan nake ganin baffan ya gaza. Malamai sun ce ana jarraba kowane yaro da irin sana'ar gidansu, ɗan manomi da gona, ɗan ɗan kasuwa da saye da sayarwa. A ware masa wani abu kaɗan, a ce turmi ashirin ko talatin, a bar shi ya saya ya sayar na 'yan watanni, a ga yadda zai fito. Wanda ya ƙi yin jarrabawar ba shi da bakin cewa yaro bai ci ba. Ita ayar kuma ta san halin ɗan Adam, domin a cikinta aka ce kada a ci dukiyar da ɓarna da gaggawa don tsoron kada marayun su girma, mai wadata ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani, idan kuma an zo miƙawa a kafa shaidu. Ban ce baffan ya ci ba, Allah ne masani, amma wanda yake ɗaga ranar miƙawa daga shekara zuwa aure ya sa kansa a wurin zargi.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ta riga duk waɗannan: da wane matsayi baffan yake riƙe da dukiyar? A Malikiyya waliccin dukiyar yaro na uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya gabatar. Kaka da wa da baffa ba su da wannan walicci don kusancinsu kawai, ko da yake wasu malaman baya sun ce inda al'ada ta gudana mutum ya mutu bai yi wasiyya ba saboda ya dogara ga ɗan'uwansa, ana ɗaukar ɗan'uwan kamar wasiyyi. Bambancin yana da amfani. Idan baffan wasiyyi ne ko alƙali ne ya naɗa shi, yaron ba ya fita daga takunkumi sai an kwance shi a gaban shaidu, idan kuma mai riƙon ya ƙi alhali shiriyar ta bayyana, alƙali ya ji shaidu ya kwance da kansa. Wannan kwancewa ita ce mafi kusa da abin da yaron ya gani a intanet, kuma ba ta jiran ranar haihuwa. Don haka, Malam, ka gaya mana ko marigayin ya bar wasiyya.

Kawun Maraya, Kano

Na gode ƙwarai, Barista, Allah ya gafarta Malam. Marigayin bai bar wasiyya ba, hatsarin mota ne ya yi ajalinsa, kuma ba a je gaban alƙali ba, a zauren gidan aka yi komai bayan sadakar arba'in. Abin da aka rubuta shi ne adadin kayan shagon da kimarsu a wata takarda da mutum huɗu suka sa wa hannu, tana wurin ƙanwata. Akwai kuma abin da ban faɗa ba tun farko. Ƙanwar yaron tana da shekara 15, kuma baffan ya fara zancen aurar da ita, yana cewa da zarar ta yi aure kundin tsarin mulki ya mayar da ita babba, sai ya damƙa rabonta ga mijin ya huta. Shin haka abin yake?

Tsohon Ɗan Kwari

Ni ba lauya ba ne, ba kuma malami ba, amma na tsufa a cikin kasuwar nan, kuma ina roƙon Malam ya saurari ɗaya ɓangaren kafin ya ɗauki takarda ya nufi kotu. Sanin kaya dabam, riƙon jari dabam. Yaro yana iya bambanta atamfa mai kyau da ta banza da taɓawa ɗaya, amma ranar da dillali zai zo masa da daɗin baki ya ce ga dila goma a farashi mai sauƙi, a biya rabi yau rabi bayan salla, ranar ce ake gane ko ya isa. Mafi yawan shagunan marayu da na ga sun rufe ba baffanni ne suka cinye su ba, littafin bashi ne. Abokan uba sukan zo su ɗauki kaya, yaro yana jin nauyin ya tambayi sa'an mahaifinsa kuɗi, kafin shekara ta zagayo shagon ya zama fayau. Waɗanda suke kiransa a waya yanzu suna yi ne domin sun san akwai babba a bayansa.

A al'adar kasuwa ba ma tambayar takardar haihuwa. Yaro yakan yi shekaru a hannun ubangidansa, a fara aikensa banki, a bar masa shago ranar Juma'a, a tura shi Legas ya yi sari, sai ranar da ubangidan ya gamsu ya kira mutane ya sallame shi da jari. Wani yana da 19 ake sallamarsa, wani ya haura 30 yana jira. Abin da Malamin Sakkwato ya kira jarrabawa shi ne wannan, kuma na yarda baffan ya yi kuskure da bai fara ta ba. Lissafi kuwa dole ne ya kawo shi, domin takardar mutum huɗun nan ita ce ma'auni: a ƙirga kayan da ke shagon yau, a duba bashin da ake bi da wanda ake binsa, a tuna kuma cewa abin da naira take saya shekara uku da suka wuce ba shi take saya yau ba, don haka da yawan turmi za a gwada, kada a tsaya ga adadin kuɗi. Shawarata ita ce a fara kai maganar ga shugabannin layin da shagon yake, tare da mutanen da suka sa hannu. Baffan ɗan kasuwa ne, ya fi tsoron a ce a layi ya ƙi nuna lissafin marayu fiye da sammaci.

Barista Mazaunin Zariya

Na yarda da Alhaji, Tsohon Ɗan Kwari, a fara da sulhu, da sharaɗin a rubuta abin da aka cimma, a sa ranar miƙawa, a kuma kai wa alƙali ya tabbatar da shi, domin sulhun baka shi ne ya kawo ku inda kuke.

Maganar yarinyar kuwa ta fi ta yaron gaggawa, kuma baffan ya karanta kundin a karkace. Abin da yake nufi shi ne sashe na 29, wanda yake magana a kan yadda ɗan Najeriya zai ajiye zamansa ɗan ƙasa. Sashen ya ce sai mai cikakkun shekaru zai yi hakan, ya fassara cikakkun shekaru da 18, sa'an nan ya ƙara da cewa matar da take da aure ana ɗaukarta mai cikakkun shekaru. Amma ya faɗa da bakinsa cewa fassarar don wannan al'amari ce kaɗai. Wannan jimla ce aka yi ta cece-kuce a kanta a watan Yulin 2013, lokacin da Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta so goge ta, Sanata Ahmed Sani Yarima ya yi tsayin daka, aka kasa samun ƙuri'u 73 da ake buƙata. Tun daga lokacin mutane da yawa suka ɗauka sashen ya yanke shekarun aure ko ya mayar da kowace amarya babba a komai, alhali bai ba ta ƙuri'a ba, bai ba ta lasin tuƙi ba, bai kuma ce komai a kan gadonta ba. Dokar 2003 ta tarayya ma a sashe na 21 ta hana aurar da wanda bai kai 18 ba, sai a duba yadda dokar jiha ta zo da nata.

Ko da an yi auren, rabonta nata ne, miji ba shi da hannu a ciki, kuma mai riƙon da ya miƙa dukiyar marainiya ga mijinta bai sauke nauyi ba, za a iya binsa ya biya. A iya sanina da fikihun Malikiyya, mace ma sai an shaidi kyawun riƙonta bayan ta tare kafin a kwance mata takunkumi, ɗaurin aure kaɗai ba ya yi. Ina ganin ya kamata uwar ta nemi alƙali ya naɗa wa yarinyar mai riƙo a hukumance, ko baffan ne ko wani, wanda zai riƙa kawo lissafi, a kuma ware rabonta daga jarin shagon tun kafin a miƙa wa yayanta nasa. Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana da ofis a jihohi.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga jama'a. Na ga ana ta kai misali Amurka, alhali abin da yaron yake tambaya yana nan a rubuce a tsallaken Jibiya. Mu a Nijar kundin dokar zaman jama'a da muka gada daga Faransa ya sa shekarar girma 21, ko da yake Faransa kanta ta sauko zuwa 18 tun 1974, kuma a cikinsa akwai babin 'yantar da yaro. Aure yana 'yantar da yaro kai tsaye ba tare da an je gaban kowa ba, shekarun aure kuma a kundin 18 ne ga namiji, 15 ga mace. Har kundin tsarin mulkinmu na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya lissafa yaran da aka 'yantar cikin masu jefa ƙuri'a tare da waɗanda suka kai 18. Wato abin da baffan yake zaton yana cikin dokar Najeriya ya fi kama da tamu.

Sai dai ko a asalin kundin Faransa na 1804 'yantarwar ba sakin linzami ba ce gaba ɗaya. Uba yana iya 'yantar da ɗansa daga shekara 15, ko uwa idan babu uba, wanda kuma ya rasa iyaye biyu sai ya kai 18 taron dangi ya ga ya cancanta. Bayan haka ana naɗa masa mai sa ido, yana iya karɓar kuɗin haya da gudanar da harkar yau da kullum, amma ba zai ci bashi ko ya sayar da gida ba sai da izini. Wanda ya kasa kuma ana iya janye masa 'yancin a mayar da shi hannun mai riƙo. Idan aka cire sunayen, wannan bai yi nisa da abin da Malamin Sakkwato da Alhaji suka bayyana ba.

A aikace ma ba kasafai Bahaushen Maraɗi ko Damagaram yake bin wancan babi ba, domin dokar tsarin kotunanmu ta ce a al'amuran aure da gado da iyali alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, yana zama da mashawartan da suka san ta, al'adar kuwa a wurinmu fikihun Malikiyya ne a mafi yawa. Abu ɗaya da nake ganin mun fi ku kiyayewa shi ne takardar taron dangi. Idan mutum ya rasu ya bar yara, musamman ma'aikaci mai haƙƙoƙi a wurin gwamnati ko kuɗi a banki, dangi sukan je kotu a rubuta sunayen magada da sunan wanda aka ɗora wa riƙon marayu, alƙali ya sa hannu, kuma ba a sakin kuɗin sai da ita. Malam, tun da ku ba ku yi irin wannan ba shekara uku da suka wuce, ku yi ta yanzu a kotun shari'a ta kusa da ku, ku tafi da mutum huɗun nan tun suna raye suna kuma tuna abin da suka ƙirga.